Ɗori daban, ciwon guringuntsi daban

Assalamu alaikum, 'yata. Saƙonki ya same ni bayan la'asar. Ya jikin Ummanki? Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ne.

Kin ce likita a Jidda ya duba hoton gwiwarta, ya ce guringuntsi ya cinye, ƙashin da ke ƙarƙashinsa ma ya taɓu, kuma aikin da zai yi akwai siminti a ciki. Gwaggonninki kuma sun ce mu ba a yanka mu a kan ciwon ƙashi, wurin maɗori ake zuwa, sannan ba a kai mutum kabari da siminti a jiki. Kina son ki ji abin da al'adarmu ta ce. To, kin zo gidan da ya dace, domin kakanki maɗori ne, kuma da riƙe masa ƙafafun mutane na tashi.

Allah ya jiƙansa. Daga ƙasar Haɗeja ya taso a ƙafa, ya yi shekaru yana noman auduga a Jazira ta Sudan, ya haye teku ta Sawakin, ya zauna a nan Makka. Mutanen Sudan suna ce masa basir, Larabawa suna cewa mujabbir. In aka kawo mai karaya, sai ya bi wurin da yatsa yana lalube, ya ja, ya daidaita, ya shafa man shanu, ya jera 'yan sanduna ya ɗaure, ya yi tofi, ya faɗi ranar da za a dawo. Amma sau da yawa na ga an kawo tsohuwa, ba ta faɗi ba, ba abin da ya buge ta, gwiwa ce kawai ta kumbura, in ta lanƙwasa sai ka ji ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Sai ya taɓa, ya girgiza kai, ya ce wannan ba karaya ba ce, ba shi da abin da zai ɗora. Ya ce a riƙa gasa mata da ruwan ɗumi, ta rage ɗaukar kaya, kuma ko kwabo ba ya karɓa. Wannan na gani da idona. Ban taɓa jin ya hana kowa zuwa asibiti ba, har wanda ƙashi ya fasa masa fata shi da kansa yake tura shi can.

Dalilinsa a fili yake. Ƙashi yana da jini a cikinsa, in ya karye shi yake haɗa kansa cikin makonni, maɗori hanya kawai yake miƙe masa. Guringuntsi kuwa babu jijiyar jini a cikinsa. Kin san farin abin nan mai santsi da ƙyalli da ke kan ƙashin ƙafar ragon layya? Shi ne. A gwiwar mutum kaurinsa galibi milimita 2 zuwa 4 ne, kuma in ya cinye ba ya komawa yadda yake. Tun 1743 wani likita a Landan, William Hunter, ya rubuta cewa in ya lalace ba ya warkewa. Guringuntsin kansa ba ya jin zafi ma. Zafin da ke hana Ummanki barci daga ƙashin da ke ƙasa yake fitowa, da fatar da ta kewaye gaɓar, domin shimfiɗar da ke kare su ta ƙare. Shekarun da ta yi tana hawa da sauka a duwatsun unguwarmu da tire a kai ba su tafi a banza ba.

Sunan simintin ne ya tsorata gwaggonninki, suna hango buhun da ake gini da shi. Ni na san abin, don da shi na ci abinci shekara da shekaru ina haɗa haƙoran roba. Gari ne da ruwa, a kwaɓa su su zama kamar kwaɓin fulawa, cikin minti 10 zuwa 15 ya sandare, yana fitar da zafi yayin da yake daskarewa. Wani likitan ƙashi a Ingila, John Charnley, shi ya ɗauko shi daga hannun masu haƙori a 1958 ya fara kafa ƙarfen ƙugu da shi. Ranar da aka yi mini tawa gwiwar allurar baya aka yi mini, idona biyu, ina kwance sai na ji warin nan mai hawa kai da na saba da shi a wurin aiki. Nan take hankalina ya kwanta. Ba gam ba ne da ke manne abu. Shiga yake yi cikin ƙananan ramukan ƙashi ya cike tsakaninsa da ƙarfe, sai su riƙe juna. Akan haɗa shi da maganin kashe ƙwayoyin cuta, da wani sinadari da ke sa a gan shi a hoto. Wannan ba ya narkewa, yana nan muddin rai.

Akwai wani kuma na daban, na kalsiyam fosfet, wanda aka samar a Amurka a shekarun 1980. Shi daga irin ma'adinin da ƙashi yake da shi aka yi shi. Da allura ake tura shi inda ƙashi ya yi rauni a ƙarƙashin guringuntsi, ya daskare ba tare da zafi sosai ba, sannan jiki ya riƙa cinye shi a hankali yana maye gurbinsa da ƙashi. Sai dai yana da gautsi, ba a kafa ƙarfen gaɓa da shi. Saƙonki bai nuna mini wanne likitan yake nufi ba. Ki koma ki tambaye shi: gaɓar za a sauya, ko ƙashin za a cike? Jinyar ba ɗaya ba ce, abin da za a sa rai da shi ma ba ɗaya ba ne.

Kuma ki riƙe wannan da kyau: babu ɗaya daga cikinsu da ke tsiro da sabon guringuntsi. Akwai dabarun da ake yi wa shi guringuntsin, kamar huda ƙananan ramuka a ƙashi don jini ya taso ya rufe wurin, ko ciro wani yanki daga inda ba a taka shi a dasa a inda ya lalace, ko renon ƙwayoyin guringuntsin mutum a mayar masa, kamar yadda likitocin Suwidin suka bayyana a 1994. Waɗannan sun fi yi wa matashi mai ɗan rauni a wuri ɗaya amfani. Masu bincike suna ta ƙoƙarin haɗa abu mai hawa biyu, ƙasa ya yi ƙashi sama ya yi guringuntsi. Amma in wani ya yi wa mace mai shekarun Ummanki alkawarin gwiwa irin ta budurwa, ku ɗauki hotunan ku kai wa wani likita ya sake dubawa.

Maganar kabari ba ta da tushe. Sahabi Arfaja ɗan As'ad an sare masa hanci a yaƙi tun kafin Musulunci, ya sa na azurfa ya yi wari, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya sa na zinariya. Kuma an ruwaito daga Nana A'isha cewa karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana da rai. Mun sha raka 'yan unguwarmu maƙabartar Shara'i da ƙarfe a ƙugu, ba wanda ya ce a tsaga a ciro. In hankalinsu bai kwanta ba, ku je tare wurin malami su ji da kunnensu.

Sai dai kada ki raina tsoronsu. Aiki aiki ne. In sukarinta bai daidaita ba ƙwayar cuta na iya shiga, kuma ciwon da ya shiga kusa da ƙarfe yana da wuyar fita. Jini kan iya sauka a lokacin da ake sa simintin, don haka duk abin da ya shafi zuciyarta a faɗa wa mai allurar barci, kada a ɓoye komai. Mafi yawan gwiwoyin da aka sauya suna wuce shekara 15 zuwa 20, amma wasu sukan saki kafin nan.

Ga kuma abin da ya fi yi mini ciwo. Tun da aka yi mini aiki ban ƙara zaman tahiya yadda na saba ba, a kujera nake salla. Na san Annabi ya ce wa Imrana ɗan Husaini ya yi a tsaye, in bai iya ba a zaune, amma ranar farko da na ga sahu ya yi sujada ni ina kan kujera a Harami sai da na yi hawaye. Wasu suna iya durƙusawa bayan aiki, da yawa ba sa iyawa. A faɗa mata wannan tun yanzu, ba sai an gama ba.

Al'adar da zan ɗaure ki da ita ke nan: ba a yanke wa babba hukunci a bayan idonsa. Likita zai yi Larabci da sauri, ita kuma za ta gyaɗa kai don kunya. Ki zauna da ita ki warware mata da Hausa, ɗaya bayan ɗaya, ki bar ta ta yi istihara. In ta ce a'a, a'a ɗin nan tata ce. In ta yarda, to ku shirya wa wuri ɗaya da za ku saɓa wa abin da muka saba. Mu mai ɗori kwanciya yake yi, ana kawo masa farfesu ana hana shi motsi. Nan kuwa washegari za a ce ta tashi ta taka, kuma za ta yi makonni tana gashin ƙashi, tana lanƙwasa gwiwa ko da zafi. Gwaggonninki za su ce rashin tausayi ne. In kuka biye musu gwiwar za ta sandare, jini kuma na iya daskarewa a ƙafa.

Ranar Alhamis in Allah ya kai mu zan shigo jirgin ƙasa in zo. Ki ce su taru bayan magariba, zan taho da hoton tawa gwiwar su gani. Ki gaishe mini da Ummanki, ki ce yayanta yana tafe.

Kawunki.