Gurup ko sola? Amsa ga mai sana'ar ƙanƙara a Damagaram

Wata Hajiya daga Sabon Gari ta aiko da tambaya. Tana da firigo biyu na kwance, tana yin ƙanƙara da sobo ana kai mata kasuwar Dole. Da bazara wuta kan yi awa biyar ko shida ba ta dawo ba, kaya su narke. Ta ɗauki adashi, tana son sanin ko gurup, wato janareto, za ta saya ko sola za ta sa.

Hajiya, Allah ya sa wa nema albarka. Shawararmu ki sa sola, amma ki zuba kuɗinki a allunan sola, ki taƙaita batir, kuma kada ki yanke layin NIGELEC, kamfanin wuta na ƙasa.

Wutar Damagaram da Maraɗi, babban kasonta daga Najeriya yake zuwa, ta layin Katsina zuwa Gazawa. Kin ga abin da ya faru a watan Agusta na 2023, da aka yanke wutar bayan takunkumin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ba ta dawo ba sai 2024. Ƙasa na ƙoƙarin tsayuwa da ƙafarta: tashar sola ta Malbaza mai megawat 7, ta Gorou Banda kusa da Yamai mai megawat 30, ga madatsar Kandaji ana kan gini. Sai dai waɗannan duk can yamma suke, kada ki ɗora lissafin jarinki a kansu tukuna.

Gurup yana da arha ranar saye, tsadarsa a bayan nan take. Ƙarami mai ɗaukar firigo biyu yakan sha kusan lita ɗaya a awa. Awa biyar kullum, lita 150 ke nan a wata. Ki ninka da kuɗin lita na yau, ki ƙara man juye da kuɗin mai gyara, sannan ki duba ledar ƙanƙara nawa za ki sayar kafin ki mayar da shi.

A ɓangaren sola, firigo mai lita 300 injinsa na jan kamar wat 150 in yana aiki. Idan kullum ana loda masa ruwa a zafin Afrilu, zai ci kilowat-awa 3 a yini, biyu su ci 6. Rana muna da ita, amma zafi da ƙura na cinye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin allo. Don haka ki nemi alluna da jimillarsu ta kai wat 1,500, misali biyar masu wat 300. A kafa su suna kallon kudu, a ɗan jingine kamar digiri 15, da sarari a ƙasansu iska ta riƙa ratsawa. Lokacin hunturu a wanke su da sassafe sau biyu a mako, kafin gilashin ya ɗau zafi.

Inda mutane ke asara shi ne na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta gida. Firigo in zai tashi yana fizgar ninki biyar ko fiye na abin da ya saba ja. Ƙaramar na'ura za ta yi ta ƙara tana mutuwa, mai arhar nan kuwa da wutarta ba ta fita sumul, a hankali take ƙona injin. Ki nemi mai wat 2,000 zuwa 3,000 wadda aka rubuta pure sine a jikinta, kuma kada a kunna firigon biyu lokaci guda. A sa musu abin jinkiri, ya riƙe su minti biyar bayan wuta ta dawo.

Batir shi ne mai cin kuɗi, shi ke kuma saurin mutuwa. Na dalma mai 12V 200Ah, rabin abin da ke cikinsa kaɗai ya kamata a sha, wato kilowat-awa 1.2. In ana zuƙe shi ƙarƙaf kowane dare, ba zai daɗe ba, ɗaki mai rufin kwano kuma yana ƙara gajarta kwanansa. In kuɗi ya kai, na lithium mai 24V 100Ah ya fi jure wahala. Amma ke mai ƙanƙara ba kya buƙatar tulin batir, domin ƙanƙarar da kanta ma'ajiyar sanyi ce. Ki jera gorunan ruwan gishiri a ƙasan firigo su daskare, ki loda sabon ruwa da hantsi, da dare a rufe murfi kada yaro ya riƙa buɗewa. Ruwan da za ki ɗaura ki bar shi ya kwana a randa, kada ki zuba wanda ya yini a jarka cikin rana. Kar kuma ki cika firigon maƙil: a awa goma na rana, firigo ɗaya kilo 15 ko kusa da haka zai iya daskarar miki.

In adashin bai kai na firigo biyu ba, ki fara da ɗaya, alluna uku, amma na'urar ki sayi babba tun yanzu don ƙari ya zo da sauƙi. Ki bar kuɗin sukari, sobo da leda na wata guda a gefe. Wurin mai haɗawa kuma, ki sa ya auna kowane allo a rana a gabanki, ya rubuta miki garanti a takarda, kashi na ƙarshe na kuɗinsa ki biya bayan firigon ya yi mako yana daskarewa.