Ƙofarmu mai naɗewa na jan ƙasa, kafinta ya ce a fere ta, mu yarda?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Don Allah ina da matsala da ƙofar nan mai naɗewa da ta raba falo da wajen cin abinci a gidanmu, ta katako ce falle huɗu, biyu na naɗewa dama biyu hagu. Da muka tare lafiya lau take, amma tunda damina ta kankama sai ta fara jan ƙasa har ta soma goge mana tayil, in aka tura da ƙarfi kuma tayar sama ta fito daga layinta ƙofar ta riƙa lilo, ga shi tsakiya ba ta haɗuwa, ta sama a haɗe ta ƙasa a buɗe har kana hango mutum. Maigidan ya zuba mata man inji ta ɗan yi laushi, yanzu kuma ta fi da tauri ga wani baƙin abu na ɗigowa. Kafintan da muka kira ya ce sai an sauke ta an fere ƙasan, ni dai hankalina bai kwanta ba. Sannan ta bayin yara ma, irin ta roban nan, ta fara cijewa. Ko cire su za mu yi gaba ɗaya mu huta?

Wata uwargida daga Kubwa, Abuja

AMSA

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya bar zumunci. Kin kyauta da ba ki bari an sa mata filen, wato abin da kafinta ke fere katako da shi, ba, domin daga bayaninki ni ban ga alamar ƙofar nan tsawo ta ƙara ba, karkacewa ta yi. Abubuwa ukun da kika lissafa, jan ƙasa da fitar taya da rashin haɗuwar tsakiya, duk abu guda ne ya haife su, kuma yawanci sukudireba kaɗai ke gama aikin.

Bari in miki bayanin yadda take tsaye tukuna. Fallen da ke jikin bango yana juyawa ne a kan fin guda biyu, wato 'yan sandunan da aka soka a jikinsa, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama. Na ƙasan shi ke ɗauke da nauyi, yana zaune a cikin wani ɗan biraket da aka ɗaure a gindin firam. Na saman kuma mai sifirin ne, yana shiga cikin wani ɗan ƙarfe da ke cikin reli, wato layin nan da tayar ke bi, kuma ɗan ƙarfen nan ba a kafe yake ba, sukuru guda ne kawai ke riƙe shi. Falle na biyu shi ne mai 'yar taya a sama, ita ba ta ɗaukar nauyi, hanya kawai take nuna ma ƙofar. To yau da gobe, buɗe rufe, yara na turawa suna rataya, sai sukurun nan ya saki, ɗan ƙarfen ya zame ya yi tsakiya. Da ya zame kan ƙofar ya bi shi, sai bakin da ke nesa da bango ya sunkuya ya taɓa tayil, tayar da ke samansa ta yi ƙasa ta kusa fita daga reli, in aka rufe kuma kawunan su riga haɗuwa ƙasa ta bar giɓi. Kin ga daidai abin da kike gani kenan.

Ki gwada da kanki kafin a kira kowa. Ki rufe ƙofar ki ja baya ki dubi tazarar da ke tsakanin firam da fallen farko, daga sama har ƙasa. Ya kamata ta zama iri ɗaya, kamar milimita 5 zuwa 6. In kin ga sama ta fi ƙasa faɗi to shikenan an kama ɓarawon. Sai a naɗe ƙofar, a hau kujera a leƙa cikin relin ta wajen bango, a sassauta sukurun nan kaɗan (kar a cire shi duka, faɗuwa yake ya ɓata), wani ya tura kan ƙofar wajen bango har ta miƙe, sannan a ɗaure da kyau. Amma kar a manna ta da bango sosai don son a ga ta yi kyau, kusurwar fallen na buƙatar wajen juyawa, in babu sai ta riƙa cije firam duk lokacin da za a naɗe ta. A yi ɓangare guda a gwada, a yi ɗayan, a riƙa rufewa ana dubawa har bakin biyun su haɗu daga sama zuwa ƙasa.

In an miƙar da ita kuma har yanzu tana shafar tayil, sai a koma fin ɗin ƙasa. Yawancinsu masu zare ne, ana ɗaga ƙofar sama kaɗan, sifirin ɗin sama zai ba da wuri, sai a murɗa fin ɗin ya ƙara fitowa, zagaye ɗaya ko biyu ya isa a sake gwadawa. Abin da ake so shi ne a samu kamar santimita 1 tsakanin ƙofa da tayil, tayar sama kuma ta shige cikin reli sosai ba tare da kan ƙofar ya goge shi ba. Wannan aikin na mutum biyu ne Hajiya, ɗaya ya riƙe ɗaya ya murɗa, kar maigida ya ce zai yi shi kaɗai ƙofa ta faɗo masa.

Akwai inda duk wannan saitin ba zai riƙe ba, kuma nan ne kafinta ke da aiki na gaske. In aka sauke ƙofar aka ga ramin da fin ke zaune a ciki ya buɗe ko katakon wajen ya tsage, fin ɗin zai riƙa kwanciya gefe komai ɗaurin da aka yi. Gyaransa a cike ramin da guntun katako mai kyau da gam irin Top Bond, a matse shi a bar shi ya kwana ya bushe, sannan a sake huda daidai girman fin ɗin. Haka ma hinjin da ke haɗa falle da falle, in sukurunsu na juyawa ba sa kamawa, a cire a tura tsinken ashana biyu ko uku da gam a ramin, a karye abin da ya fito, a mayar da sukurun. Tsohuwar dabara ce amma tana aiki. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a buga ƙusa a madadin sukuru, wasu kafintoci na yi don sauri, bayan wata biyu ta zare ta bar rami wanda ya fi na farko.

Sai relin kansa. A bi sukurun da suka riƙe shi ɗaya bayan ɗaya, domin in guda ya sassauto kansa na leƙowa, taya ta zo ta yi karo da shi ta tsalle waje, mutane su ce ai tayar ce ta lalace. A ɗora lebur, abin nan da magina ke auna daidaito da shi, a gani ko tsakiyarsa ya lotsa. Kuma a duba me aka ɗaure shi a jiki, a gidajen da ake ginawa da gaggawa a nan Abuja ana samun wanda aka kafa a jikin silin ko siririn falanki maimakon linta, wannan kam ko an ɗaure yau zai sake saki, sai an huda kankare an sa fisha, robar nan da ake cusawa a rami ta riƙe sukuru, ko an gindaya katako mai kauri an ɗaure a jikinsa.

Maganar man inji kuwa, a gaya ma Alhaji cikin ladabi kar ya ƙara. Da shi da giris da man gyaɗa duk ɗaya ne a wajen nan. Ƙurar hunturun da ta gabata tana nan kwance a cikin relin, mai ya zo ya kwaɓa ta, shi ne baƙin abin da ke ɗigo miki, kuma kwaɓin nan yashi ne a cikinsa, shi ke cinye tayar roba a hankali. A sami tsohon buroshin haƙori a kakkaɓe, a sa tsumma da ɗan kananzir a goge man tas, a bi da busasshen tsumma. Bayan nan a fesa silikon kaɗan, na gwangwani, masu kayan mota ma na sayarwa, shi yana bushewa ba ya kama ƙura. In babu a goga kyandir a cikin relin, ya wadatar. WD-40 yana da amfani wajen kwance sukurun da ya yi tsatsa da wanke datti, amma ba ya daɗewa, kar a ɗauke shi a matsayin man ƙofa. Ni shawarata a riƙa wannan sharar sau biyu a shekara, bayan hunturu da kuma ƙarshen damina.

Yanzu ga dalilin da ya sa na ce a dakata da fira. Gaskiya ne katako na shan danshi ya kumbura, kuma daminar Abuja doguwa ce, daga wajen Afrilu har Oktoba, a Agusta da Satumba har durowa cijewa take. Amma katako ta faɗi yake kumbura, ta tsawo kusan ba ya motsi, don haka da wuya damina kaɗai ta sa ƙofa ta sauko ta taɓa ƙasa. In aka fere yanzu, Disamba da Janairu iska ta bushe katakon ya koma, sai ki samu giɓin da babu mai mayar da shi. Ga kuma babbar matsalar, yawancin ƙofofin cikin gida da ke kasuwa holoƙo ne, filawud ne gaba da baya da siririn katako a gefuna, kuma a cikin siririn katakon nan na ƙasa fin ɗin yake zaune, in aka rage shi an rage abin da ke riƙe ƙofar kenan. Inda kawai zan yarda a taɓa ƙasan shi ne in kin shafa kin ji ya kumbura ya yi burtsi-burtsi saboda ruwan mofin, nan ma sanfefa za a sa a rage iya abin da ya tashi, sannan a shafe bakin da fenti ko banish, don masu fenti kusan kullum suna barin ƙasan ƙofa tsirara tunda ba a gani. In irin wanda ake yi da garin katako a matse ne, wato MDF, in ya sha ruwa ya kumbura ba ya komawa, fallen za a canza. Kuma in gidan haya ne a sanar da mai gidan kafin a yanke komai, kar ranar tashi a cire muku a kuɗin ajiya.

Ta bayin yara ba ta da wani dogon labari. Ita a rataye take da ƙananan robobi masu zamewa a cikin reli, sabulu da ƙura ne ke taruwa su daskare. Ruwan ɗumi da omo da buroshi, a bushe, a fesa silikon. In ɗaya daga robobin ya karye za ki ga wajen ya sunkuya, sai a kwance relin a zare ta a canza shi. In kuwa jikin ƙofar ne ya fara tsagewa a wajen naɗin, robar ta gaji, gam ba ya riƙe wajen, sabuwa ta fi sauƙi.

Ga masu karatu da nasu na alminiyom da gilashi ne, irin manyan nan masu fita baranda, duk abin da na faɗa na shara da silikon ya shafe ku, ku ƙara da tsokale ramukan fitar ruwa da ke relin ƙasa don in suka toshe ruwan sama falo yake shigowa. Amma saukewa da saiti ku bar ma mai alminiyom. Gilashi mai kaurin milimita 6 nauyinsa kilo 15 ne a kowace murabba'in mita, falle guda mai tsawon mita 2 da faɗin santimita 80 gilashinsa kaɗai ya kai kilo 24, ba a sa firam ba, in mai ninki biyu ne kuma a ninka.

Ba na ganin akwai dalilin cire ta Hajiya. In ta kama a sayi kaya, ke da kike Kubwa ga kasuwar kayan gini ta Dei-Dei nan kusa da ku, amma a tafi da tsohuwar tayar da fin ɗin a hannu, a auna faɗin relin da tef a rubuta, domin girmansu ya bambanta kuma hoton waya ba ya nuna girma. Yawanci saiti ake sayarwa, fin sama da ƙasa da taya da biraket, gara a canza su duka lokaci guda, kuma tunda ƙofar taki ɓangare biyu ce saiti biyu za a karɓo.