Baba Fasto, ko rashin bangaskiya ne ya hana ni warkewa?

Tambaya: Shekara 6 ke nan ina fama da ciwon suga. Na yi azumi, na kwana ina addu'a, ban warke ba. Wani mai addu'a ya ce shan magani rashin bangaskiya ne, in zubar. Har kunyar zuwa zumuntar mata nake ji. Ko Allah ya juya mini baya ne? (Wata 'yar'uwa daga Kafanchan)

Amsa: 'Yata, kada ki zubar da maganin nan, ko ƙwaya ɗaya.

Allah bai juya miki baya ba. Kin san 2 Korantiyawa 12. Sau uku Bulus ya roƙa a cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba. Ubangiji ya ce masa alherinsa ya ishe shi, domin a cikin rashin ƙarfi ikonsa yake cika. Bulus ɗin ne ba shi da bangaskiya?

Maganar mai addu'ar nan kuwa ta ishe ni, kullum sai na ji ta. Na zauna a bakin gadon wani dattijo, ɗan ƙungiyar mawaƙa, an yanke masa ƙafa saboda ya bar magani wata huɗu. Kwalbar man shafewar da ya saya tana nan ƙarƙashin matashinsa. Wanda ya sayar masa ko sannu bai zo yi ba. Haka suke: in ka warke aikinsu ne, in ka mutu laifinka ne. A ina suka karanta wannan? Luka likita ne, Bulus ya kira shi ƙaunatacce. Timoti ya yi ta fama da ciwon ciki, Bulus shawarar abin da zai sha ya ba shi. Abokin tafiyarsa Tarofimas ma, Bulus ya bar shi kwance ba lafiya a garin Militas. Da almajirai suka tambaya zunubin wa ya sa aka haifi mutum makaho, a Yahaya 9, Yesu ya ce ba nasa ba ne, ba na iyayensa ba. Mai sayar da baiwar Allah kuma ya je ya karanta abin da Bitrus ya gaya wa Siman, wanda ya so sayen baiwar Allah da kuɗi, a Ayyukan Manzanni 8.

Azumi ma ki dakata sai kin ga likitanki, don magani a kan cikin wofi yana iya faɗar da suga har ki suma. Ki ci gaba da roƙon warkewa, ni ma ina taya ki. Ranar zumunta ki ɗaura zaninki ki je, ki gaya wa matan halin da kike ciki, su ɗora miki hannu.