Muryar da aka turo kan shigar da tankin ruwa cikin silin

Salamu alaikum. Alhaji, na ji saƙonka, wai tankin lita 500 ne ya ƙi shiga ta ƙofar silin, mai famfo ya ce a yanke katako ɗaya ya wuce. To ni abin da na fahimta, so kake a ce maka yanke. Kar ka yanke. Wannan katakon da ke kwance daga bango zuwa bango, tayibim, shi ke riƙe ƙafafun rafta, wato katakan da suka tashi zuwa ƙololuwar rufi, kar su buɗe. Ka yanke shi, rufin zai riƙa zama a hankali yana tura bango waje. Ba ranar za ka gani ba, sai iskar farkon damina ta zo, ka ga silin ya tsage, kwano ya lotsa. Haka ma 'yan tokaran da ke tsakiya, babu na ado a ciki.

Kuma wallahi wannan abin na masu famfo da masu waya yana ci min rai. Mutum bai san me katako yake ɗauke da shi ba, ya zaro zarto. Ko ya huda tayibim da rami uku a jere don bututu ya wuce, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Bayan shekara a ce kafinta ne bai iya aiki ba, ko a ce katakon kasuwar Na'ibawa ta Kano ne ɗanye. Ina ruwan katako? To, bari dai.

Ka sa tef ka auna tsakanin tiros da tiros, wato haɗin rafta da tayibim mai kusurwa uku, galibi ƙafa 4 ake bari, sannan ka auna faɗin tankin. In zai wuce, ta sama za a bi: a cire kwano biyu ko uku, a cire falin ɗin da ya tare hanya, wato katakon da ake buga kwano a kai, shi ana mayar da shi a haɗe a kan rafta. A zura tankin da igiya, babu ruwa a ciki, mutum biyu a sama biyu a ciki. Da sassafe, kafin kwano ya yi zafi. Na cikin su shimfiɗa farantin katako su taka, kar wanda ya taka nogin, siraran katakan da ake buga silin a jiki, silin kawai yake riƙewa.

Au, na ma tsallake babban. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, wato rabin tan za ka ɗora a saman kan iyalinka. Ba a kan tiros zai zauna ba sam. Ka nemi inda bango biyu suke kusa, saman banɗaki ko korido, a gitta ƙarfe ko katakon tubaisis, mai inci biyu da shida, guda huɗu a tsaye ta gefensu, ba a kwance ba. A cika ramin bulon da ke ƙarƙashi da kankare. Sai filawud mai kauri a kai, gindin tankin duka ya zauna, don roba ce, zafin cikin silin a watan Afrilu yana sa ta saki. A sa tire a ƙasa da bututun da zai fitar da ambaliya waje, saboda fulot, abin da ke tsayar da ruwa in tanki ya cika, yana maƙalewa. Katakon a shafe shi da maganin gara.

In kuma bai wuce tsakanin tiros ba, ka je kasuwar Ƙofar Ruwa a haɗa maka ƙafar ƙarfe ka kafa a tsakar gida. Turo min hoton cikin silin ɗin tukuna in ga bangon.