Ɗana ya fara laɓewa a hanya, ba ya shiga aji

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗana ɗan shekara bakwai ne, yana aji biyu a firamaren gwamnati. Da asuba yana zuwa makarantar allo, in ya dawo ya tsaya jiran koko, sai takwas da rabi yake fita. Kullum sai an zane shi a bakin get saboda latti. Makon jiya maƙwabciyata ta gan shi da yunifom a wurin masu wankin babur, ashe kwana uku bai taka aji ba. Ranar kasuwa kuma babansa kan tafi da shi tsaron kaya. Kakarsa ta ce in ƙyale shi, aji biyu ai wasa ake yi, in ya girma zai yi hankali. Wallahi hankalina a tashe yake. Daga wata uwa a Funtuwa.

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya shirya mana zuri'a. Gara da hankalin naki ya tashi yanzu. Laɓewar ba ta ba ni mamaki ba: yaron da ya san bulala na jiransa a get zai gwammace ya ƙi shiga, kuma kwana uku in aka yi sake sai su zama zango guda. Wannan mai sauƙin gyara ne. Maganar Hajiya kaka ce ta fi damuna, don shekarun da na yi ina hedimasta babu makon da ba na jin irinta.

A gaishe min da ita, amma a aji biyu ba wasa ake yi ba. Daga aji ɗaya zuwa uku ne ake koya wa yaro haɗa baƙi: ba, bi, bu, sannan kalma, sannan jimla. Daga aji huɗu babu malamin da zai koma baya, zai cika allo da rubutu ne ya ce a kwafa. Wanda bai iya karatu ba sai ya koma zana haruffa kamar mai zanen lalle, littafi cike, kai fayau. Kuma a yawancin makarantunmu ba a maimaita aji, tura yara ake yi gaba ko sun iya ko ba su iya ba, shi ya sa iyaye ba sa farga sai an zo jarrabawar shiga sakandare.

Ki ɗauki alƙalami mu yi lissafi. Zango kusan mako 13 ne. Mai zuwa bayan takwas da rabi ya rasa darasin farko, wanda galibi lissafi ne ko Turanci, don da safe ake sa su tun kan yara bai yi zafi ba. Darasi 65 ke nan a zango ɗaya. Ranar kasuwa ɗaya a mako kuwa kwana 39 ce a shekara mai zango uku, kusan mako takwas na karatu. Babansa zai ce ai yini ɗaya ne. To ga abin da yini ɗayan ya tara.

Na taɓa kiran wani yaro ɗan aji biyar ofishina, na rubuta "Baba ya tafi gona" a takarda na miƙa masa. Ya ɗora yatsa a kan baƙin farko, ya dube ni, ya dubi takardar, sai hawaye. Da na ɗauko rajistarsa ta aji biyu, duk ranar kasuwa sifili ne safe da rana, alamar bai zo ba, damina kuwa sai ka ƙirga zuwansa da yatsun hannu. Mahaifinsa da ya zo ce min ya yi an yi wa ɗansa sammu, har ya saya masa maganin buɗe ƙwaƙwalwa a wurin masu yawo da lasifika a kan mota. Waɗannan mutane su ji tsoron Allah! Ƙwaƙwalwar yaro lafiyarta lau, ranar da aka koyar da abin ne ba ya nan. Wane garin magani ne zai zuba masa darasin da aka yi yana bakin rumfa? Masu cewa in ya girma zai kama, sun manta icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ɗan shekara sha biyu da bai iya karatu ba kunyar tambaya yake ji a gaban ƙannensa, daga nan sai ya daina zuwa, a ce ba shi da rabo a boko.

Doka kam akwai. Dokar UBE ta 2004, wato dokar ilimin matakin farko ga kowane yaro, ta wajabta karatun shekara tara kyauta, har da gargaɗi a karon farko da tarar naira 2,000 a karo na biyu ga uban da ya ƙi tura ɗansa. Ni dai ban taɓa ganin wanda aka ci tarar ba, kada ki jira ta.

Kada ki cire shi daga makarantar allo. Babansa ya je ya samu alaramma cikin ladabi, ya roƙa a riƙa sallamar 'yan boko ƙarfe bakwai. Da yawansu suna yarda in uba ya je da kansa. Ki wanke yunifom ki haɗa jaka tun dare. In kokon mai talla ne ke tsayar da shi, ki ajiye gasara ki dama da kanki kafin ya dawo.

Sannan gobe ki riƙe hannunsa har ofishin hedimasta. Ki faɗi gaskiyar kwana ukun, ki roƙi a ɗaga masa bulalar get na mako biyu kuna gyara a gida. In an ƙi saurarenki, ki nemi shugaban SBMC, wato kwamitin al'umma mai sa ido kan makarantar, aikinsu ke nan. Ki ce malamin ajinsu ya buɗe miki rajista ki ga sifilin da idonki, ki karɓi lambarsa. Zancen kasuwa kuma kada ki tayar da shi a gaban kaka. Ki bari sai babansa ya ci tuwon dare, ki ajiye masa takardar nan mai 65 da 39.