Tambaya da Amsa: Ɗan ƙasa ta jini ko ta doka?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni Bahaushe ne, ɗalibi a Gadarif da ke ƙasar Sudan. A nan aka haife ni, a nan aka binne kakana, amma ranar da na je neman wata takarda, ma'aikacin bai buɗe fayil ɗina ba sai da ya tambayi ƙabilata. Mene ne bambancin kishin ƙasa na zama ɗan ƙasa da kishin ƙasa na ƙabila, kuma suna iya zama a zuciya ɗaya?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗana. Kishin ƙasa na ƙabila yana ɗaukar al'umma a matsayin zuriya guda, wadda jini da harshe da al'ada suka haɗa, don haka gadonta ake yi, ba a shigarta daga waje. Ɗayan kuwa yana cewa al'umma ita ce mutanen da suka yarda su zauna a ƙarƙashin doka ɗaya da haƙƙi ɗaya, ko daga ina kakanninsu suka taso. Masana kan buga misali da Faransa da Jamus, domin Faransa ta daɗe tana ba haihuwa a ƙasarta muhimmanci, alhali dokar Jamus ta 1913 ta jingina zama ɗan ƙasa ga jini, kuma ba a buɗe ƙofa ga 'ya'yan baƙi da aka haifa a can ba sai a shekarar 2000. Sai dai babu ƙasar da ta tsaya a gefe guda tsantsa, domin Faransar ma da harshe ɗaya ta ɗaure jama'arta a makarantu.

A Sudan abubuwan biyu a cakuɗe suke, kuma mu ne muka fi jin hakan a jikinmu. Bayan yaƙin Burmi na 1903 da Turawan mulkin mallaka a arewacin Najeriya, mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru suka yo gabas tare da ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, sannan da aka buɗe aikin noman Jazira a 1925, gumin Hausawa da Fulani ya zuba a gonakin auduga. Duk da haka dokar jinsiyya (wato ta zama ɗan ƙasa) ta 1957 ta nemi mutum ya tabbatar da zaman zuriyarsa a ƙasar tun 31 ga Disamba 1897, sharaɗin da ya bar iyayenmu da yawa a bakin ƙofa, daga baya kuma dokar 1994 ta matso da ma'aunin zuwa 1 ga Janairu 1956. A kan takarda, ke nan, zama ake dubawa. Amma filin noma da sarauta har yanzu ta hannun idara ahliyya, wato hukumar sarakunan gargajiya, suke bi, inda ake tambayar wace ƙabila ce mai ƙasa, kuma a kan wannan gaɓa ce jini ya zuba a Damazin da Rusairis a watan Yulin 2022, lokacin da batun sarautar Hausawa ya taso.

Ina so ka riƙa tuna Ali Abdul Latif, jagoran ƙungiyar Farar Tuta mai adawa da mulkin Turawa a 1924, wanda mahaifinsa ɗan Nuba ne, mahaifiyarsa kuma Dinka. Masu taƙama da asali sun raina shi, amma shi ne ya ɗaga murya da sunan al'ummar Sudan baki ɗaya.

A ganina suna iya zama a zuciya ɗaya, muddin kowanne ya san muhallinsa. Hausarka da zumuncinka da tuwon gidanku naka ne, kada ka ji kunyarsu, amma ƙuri'arka da gonarka da raƙam watani ɗinka (lambar shaidar ɗan ƙasa) bai kamata su rataya a kan ƙabila ba, taka ko ta maƙwabcinka ɗan ƙabilar Barta. Idan aka sake yi maka wannan tambaya, ka amsa cewa kai Bahaushe ne ba tare da sunkuyar da kai ba, sannan ka miƙa takardun haihuwarka da na mahaifinka.