Yaron da ke son zama kwamandan jirgin yaƙi mai nutso

Malam, ka ce ɗanka ya gama sakandare a Yawuri, ya iya ninƙaya a Kwara kamar kifi, kuma burinsa ya jagoranci jirgin yaƙi mai tafiya ƙarƙashin teku. Kana tambaya ta ina zai fara.

Gaskiya ɗaya ce: Rundunar Sojan Ruwan Najeriya ba ta da irin wannan jirgi. A Afirka, Masar da Aljeriya da Afirka ta Kudu ne ke da su. Iya ruwa kuma ba shi ne jarin ba, lissafi da kimiyya ne.

A Amurka, sabon hafsa yakan yi wata shida yana karatun injin nukiliya, wata shida yana gwaji a kan injin, sannan ya wuce makarantar koyon aikin jirgin nutso da ke garin Groton. Idan ya ƙware a jirgi sai a maƙala masa bajo a ƙirji. Daga nan sai shugabancin sashe, sai mataimakin kwamanda, kafin a damƙa masa jirgi, ya kusa shekara ashirin a aiki. Ingila tana da kwas ɗin kwamandoji mai suna Perisher tun 1917. Wanda ya faɗi, shi da jirgin nutso har abada. Ka tambayi ɗanka ma, zai iya wata uku bai ga rana ba, ba waya?

Shawarata, ya nemi NDA, makarantar horar da hafsoshin soja ta Kaduna, ɓangaren sojan ruwa. Shekara biyar ce, ya fito hafsa, ya fara da jiragen saman ruwa. Allah ya ba shi sa'a.